Daga Taku Zuwa Turin Gefe: Waiwaye Kan Sauyin Salon Tseren Zamiya a Dusar Ƙanƙara

A cikin wasannin motsa jiki da ake gasarsu a duniya, kaɗan ne suka ga sauyin salo mai girma cikin ɗan lokaci kamar tseren zamiya na dogon zango kan dusar ƙanƙara, wato wasan da mutum yake ɗaura dogayen alluna biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, sannan ya ratsa fili da kwari da tudu da ƙarfin jikinsa kaɗai, ba tare da wani inji ya hau da shi tsauni ba. Tsakanin 1980 da 1988 yadda ake sarrafa ƙafa a wannan wasa ya sauya har aka wayi gari wasa ɗaya ya rabu gida biyu, kowane gida da kayan aikinsa da dokokinsa da hanyar koyar da shi. Mutanen masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba su san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin da waya, domin abin da ƙasarsu ta sani shi ne yashi da sanyin hunturu da ƙanƙarar da takan zubo jefi-jefi da damina. Duk da haka tarihin wannan sauyi ya cancanci a bi shi daki-daki, saboda ya amsa tambayar da take jiran kowane wasa na gado: me ya kamata a yi idan sabon salo ya zo ya fi na iyaye da kakanni sauri, kuma ta yaya ake koyar da shi ga wanda jikinsa ya saba da tsohon.

Tsohon salo da dalilin daɗewarsa

Zamiya kan dusar ƙanƙara ta fara ne a matsayin hanyar tafiya da farauta a arewacin Turai da Asiya shekaru dubbai da suka wuce, kafin ta zama wasan gasa a ƙasashen Norwe da Suwedan da Finlan a ƙarni na 19. An fara gasar Holmenkollen a kusa da birnin Oslo a 1892, aka fara tseren Vasaloppet mai nisan kilomita 90 daga Salen zuwa Mora a ƙasar Suwedan a 1922, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a Chamonix ta Faransa a 1924, shekarar da aka kafa hukumar wasan ta duniya da ake kira FIS. A duk waɗannan shekaru salon da aka sani shi ne salon taku, inda allunan biyu suke tafiya a jere cikin sawu biyu da aka zana a dusa, mai tsere yana miƙa ƙafar dama da hannun hagu tare, sannan ƙafar hagu da hannun dama.

Sirrin wannan salo yana ƙarƙashin allon. Ana ƙera shi da ɗan lanƙwasa a tsakiya, ta yadda idan nauyin mutum ya rabu a kan alluna biyu tsakiyar ba ta taɓa dusa, sai gaba da baya kawai, waɗanda ake shafa wa kakin santsi. Idan kuwa ya danna ƙafa ɗaya da dukkan nauyinsa, tsakiyar takan sauka ta kama dusa saboda wani kaki mai danƙo da ake kira kakin riƙo, a nan ne yake samun abin dogara ya tura kansa gaba. Wannan dabara tana da illa guda biyu da mutane suka jure wa tsawon zamani don ba su ga wata mafita ba. Ta farko, dole allon ya tsaya cik na ɗan ƙiftawar ido kafin a yi turin, ta biyu kuma kakin riƙo yana rage santsi ko da an dace da zaɓensa, idan kuwa yanayi ya juya a tsakiyar tsere, to wanda ya shafa kakin da bai dace ba ya sha kaye tun kafin ya gaji.

Salon turin gefe, wato a karkata bakin allunan waje su yi siffar harafin V, a riƙa tura jiki daga gefe zuwa gefe da kaifin allon na ciki, ba baƙo ba ne ga mutanen da. Masu zamiya sun daɗe suna yin sa idan za su juya kwana ko za su ratsa daskararren tafki, kuma a shekarun 1960 masu tseren neman hanya da taswira suna amfani da shi a kan hanyoyin da dusarsu ta taurara. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne filin da kayan aikin ba su ba da dama ba, domin allon katako ba ya jure murɗawa, sandar gora ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin mutum, sawun da mutane suka tattaka da ƙafa kuma ƙunci gare shi, gefensa dusa ce mai laushi da allo yake nutsewa a ciki.

Abin da ya share wa sabon salo fage

Abubuwa uku ne suka haɗu a shekarun 1970. Na farko shi ne allon zaren gilashi mai tafin roba, wanda ya fi katako sauƙin nauyi da santsi da juriya. A gasar zakarun duniya ta 1974 a Falun ta Suwedan, Thomas Magnusson ya ci tseren kilomita 30 a kan irin wannan allo, Magne Myrmo na Norwe kuma ya ci na kilomita 15 a kan katako, kuma shi ne mutum na ƙarshe da ya zama zakaran duniya da allon katako. Na biyu shi ne injin daɓe, wato motar da take bi tana danne dusa ta mayar da ita shimfiɗa mai faɗi da tauri. Na uku shi ne bunƙasar tseren dogon zango na jama'a, irin na Engadin a Suwizalan wanda aka fara a 1969, inda dubban mutane suke ratsa daskararrun tafkuna masu shimfiɗe, kuma kakin riƙo yakan goge kafin a kai ƙarshe.

A irin waɗannan tsere ne Pauli Siitonen, wani ɗan sanda daga Finlan wanda ya ci Vasaloppet a 1973, ya shahara da barin allo ɗaya cikin sawu yana turi da ɗayan zuwa gefe, har Jamusawa suka laƙaba wa wannan taku sunansa. Wanda ya ɗauko shi daga tseren jama'a ya kai shi babban fage shi ne Bill Koch, Ba'amurke daga jihar Vermont, wanda ya riga ya sami lambar azurfa a tseren kilomita 30 a Olamfik ta Innsbruck a 1976. Da wannan salo ya lashe kofin duniya na kakar 1981 zuwa 1982, abin da ya girgiza ƙasashen da suke ganin wasan gadonsu ne, domin wanda ya zo daga wajen gida ya nuna musu cewa akwai sauri a wurin da ba su duba ba.

Hani, da abin da hani ya haifar

Martanin shugabannin wasan na farko shi ne hani. An haramta turin gefe a farkon tsere da kusa da layin ƙarshe, an tara tudun dusa a gefen sawu, a wasu wuraren har an kafa shinge, an kuma zaɓi hanyoyi masu tudu da tsammanin cewa wanda bai shafa kakin riƙo ba ba zai iya hawa ba. Hujjojin masu hanin ba na banza ba ne: suna cewa sabon salo yana lalata sawu ga na baya, yana iya cutar da gwiwa da ƙugu, kuma zai kashe fasahar da aka gada. Sai dai 'yan wasa sun amsa da jikinsu, domin sun bar sawun gaba ɗaya, suka fara turi da ƙafa biyu, suka gano cewa ko tudu ana hawansa da wannan salo muddin hannu da ƙirji suna da ƙarfi. A gasar zakarun duniya ta 1985 a Seefeld ta Ostiriya, inda Gunde Svan na Suwedan ya ci tseren kilomita 30 da na 50, manyan 'yan wasa sun yi watsi da kakin riƙo, kuma kowa ya gane cewa in aka bar abin haka salon taku zai ɓace daga gasa.

A nan ne hukumar FIS ta ɗauki matakin da ya zama abin koyi. Maimakon ta ci gaba da yaƙin da ba za ta ci ba, ko ta sallama tsohon salo ga tarihi, sai ta raba gasa biyu daga kakar 1985 zuwa 1986: tseren gargajiya inda turin gefe haramun ne, da tseren ganin dama inda kowa yake yin salon da ya fi masa, wanda a aikace yake nufin turin gefe. An bi wannan tsari a gasar zakarun duniya ta Oberstdorf a 1987 da Olamfik ta Calgary a Kanada a 1988, yayin da wasan zamiya haɗe da harbin bindiga ya koma sabon salo ɗungurungum. Hausawa kan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma abin lura a nan shi ne an ware wa tsohuwar rawar filinta, shi ya sa har yau ake yin ta.

Yadda ake koyon turin gefe

Fifikon sabon salo, wanda yakan kai kashi 10 cikin 100 na sauri ko fiye gwargwadon yanayin fili, ya samo asali ne daga abu guda: allon ba ya tsayawa lokacin turi, yana ci gaba da zamewa yayin da ƙafa take danna shi zuwa gefe. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai mai zamiya ya yarda ya ɗora dukkan nauyinsa a ƙafa ɗaya mai tafiya a kan allon da faɗinsa bai kai yatsu uku ba, ya daɗe a haka, sannan ya mayar da nauyin kacokan ga ɗayar. Duk wanda ya taɓa yin langa a dandali ya san wannan hali, domin ɗan langa da ya tsaya yana shakkar ƙafarsa shi ake fara turewa, wanda kuwa ya daidaita ƙugunsa a kan ƙafar da yake tsaye yakan yi tsalle goma bai karkace ba.

Kurakuran mai koyo sanannu ne ga masu horarwa. Yakan bar nauyinsa a tsakanin allunan biyu saboda tsoron faɗuwa, sai ya zama yana tafiya a tale, kowane allo yana kan kaifinsa tun daga saukarsa, ba ya zamewa. Yakan zauna baya, ɗuwawu a bayan dunduniya, cinya ta ɗauki aikin da ba nata ba ta gaji da wuri. Yakan yi turi zuwa baya da yatsun ƙafa kamar mai gudu, sai bakin allon ya caki dusa ya tsayar da shi. Yakan kuma sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa, ko ya dogara da sanduna don su rufe masa raunin ƙafa. Saboda haka darasin farko a ko'ina shi ne a ajiye sanduna, a sami fili mai ɗan gangara, mai koyo ya lanƙwasa idon sawu har gwiwa ta rufe masa ganin yatsunsa, ya sauke allon a shimfiɗe a ƙarƙashin ƙugunsa, ya ƙirga biyu ko uku yana zamewa, sannan ya karkata shi kan kaifin ciki ya tura da dukkan tafin ƙafa zuwa gefe. Sai wannan ya zauna a jiki ake mayar masa da sanduna, waɗanda a wannan salo suka fi na gargajiya tsawo, suna kaiwa tsakanin haɓa da hanci, takalmin kuma yana da dogon wuya mai tauri don tallafa wa idon sawu.

Daga nan sai koyon haɗa hannu da ƙafa, wanda masu horarwa a Suwedan suka kasa shi giya biyar. Giya ta ɗaya ta gajiyayye ce a tudu mai tsanani, sanda ɗaya ga kowane taku. Giya ta biyu ita ce ta hawan tudu, inda sanduna biyu da allo ɗaya suke sauka lokaci guda, hannu ɗaya yana gaba da ɗayan, kuma ƙwararre shi ne wanda yake iya yin ta ta dama da ta hagu daidai wa daida. A giya ta uku ana dogara sanduna biyu a kowane taku, ita ce ta fi buƙatar daidaiton jiki, ita ce kuma ma'aunin da ake gane wanda ya iya. A giya ta huɗu ana dogara sanduna sau ɗaya a taku biyu idan gudu ya kankama a fili, a ta biyar kuma ana ɗage sanduna a bar wa ƙafa aikin. Kusurwar da allunan suke yi takan buɗe a tudu ta tsuke idan sauri ya ƙaru, kuma rabin ƙwarewa shi ne sanin lokacin sauya giya kafin fili ya tilasta.

Abin da shekaru arba'in suka gyara

Koyarwar kanta ba ta tsaya inda aka fara ta ba. A shekarun farko ana cewa mai koyo ya jera hanci da gwiwa da yatsan ƙafa a layi ɗaya, ya juya ƙirjinsa ya bi kowane allo, wasu kuma suka riƙa amfani da sandunan da suka wuce kansu tsawo. Da aka shigo da gajeren tsere a gasar zakarun duniya ta Lahti a 2001 da Olamfik ta 2002, aka kuma yawaita tashin kowa da kowa lokaci guda, sai aka koma ga ƙirji mai fuskantar gaba, taku mai sauri, da turin sanda da yake fitowa daga tsokar ciki da nauyin jiki maimakon damtse kaɗai, har giya ta uku ta mamaye tuddan da a da sai da ta biyu ake hawa. Hoton bidiyo na waya ya ba kowane mai koyo damar ganin kuskurensa da idonsa, amma bai rage wahalar aikin ba. Binciken da masana a Norwe suka buga a 2017 kan horon Marit Bjorgen, wadda ta tara lambobin Olamfik 15, ya nuna cewa a shekarun ganiyarta takan yi sama da sa'a 900 na horo a shekara, mafi yawansu a hankali ba cikin tsananin gudu ba.

Shi ma salon gargajiya da aka ceto ya sake shiga wani hali, domin ƙarfin hannun da turin gefe ya koya wa 'yan wasa ya sa wasu suka fara gama tseren gargajiya da turin sanduna kawai ba tare da kakin riƙo ba. A 2016 hukumar ta ƙayyade cewa sandar gargajiya kada ta wuce kashi 83 cikin 100 na tsawon mai ita, ta kuma ware wuraren da dole a yi taku. Daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma aka haramta kakin santsi mai sinadarin fulorin saboda illarsa ga lafiya da muhalli. Ita ma dusar ta fara ƙaranci a wuraren da aka saba da ita, an gina ramukan horo masu sanyi a Vuokatti ta Finlan da Torsby ta Suwedan, ana kuma adana dusar bara a ƙarƙashin garin katako.

Inda babu dusa

Saboda bazara ba ta da dusa ko a Norwe, 'yan wasa sun daɗe suna horo da gajeren allo mai taya a kan kwalta, kuma wannan ne ya buɗe ƙofa ga ƙasashe masu zafi. Philip Boit na Kenya ya zo na ƙarshe a tseren kilomita 10 a Nagano ta Japan a 1998, inda zakaran tseren Bjorn Daehlie ya jira shi a layin ƙarshe ya tarbe shi. Pita Taufatofua na tsibirin Tonga ya tara yawancin makin shigarsa Olamfik ta 2018 ne da tseren allo mai taya. A wannan shekara Nijeriya ta fara halartar Olamfik ta lokacin sanyi, sannan a Beijing a 2022 Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya wakilce ta a tseren zamiya na dogon zango, kuma ya fafata a gajeren tsere na salon ganin dama. Samarin da ake gani da takalmin taya a titunan manyan birane irin su Kano turin gefen nan suke yi, sai dai yawancinsu babu mai horarwa, babu hular kwano, kuma a tsakiyar motoci suke koyo. Hanyar Gumel zuwa Maigatari, wadda manyan motocin dabbobi suke cika ta ranar Alhamis ta kasuwa, ba wurin irin wannan koyo ba ce. Filin makaranta mai daɓen siminti shi ne wurinsa.

Darasin da ya fi kusa da ƙasar Gumel ya shafi wasanninta na gado. Langa da kokawa da dambe sun shiga gasar wasanni ta ƙasa da rubutattun dokoki, maƙwabta a Jamhuriyar Nijar kuma suna gudanar da gasar kokawa ta takobi tun 1975 da aka fara ta a Tahoua, kuma duk wasan da ya shiga irin wannan fage sai ya gamu da sababbin dabaru da sababbin kayan aiki da masu kukan cewa an ɓata gado. Tarihin tseren zamiya ya nuna cewa hani kaɗai ba ya tsayar da salon da ya fi amfani, sakaci kuma yana kashe tsohon, abin da yake aiki shi ne a fayyace kowanne, a rubuta dokarsa, a rarraba motsinsa mataki-mataki yadda malami zai iya koyar da shi. Wannan aiki yana kan malaman motsa jiki na makarantun ƙananan hukumomin huɗu, da Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel wadda take yaye malamai, da dattawan da suka yi waɗannan wasanni a ƙuruciyarsu: su zauna tare su rubuta yadda ake tsayuwa da turi da kaucewa a langa da kokawa tun masu sanin suna raye, domin fasahar da aka iya bayaninta ga yaro ita ce take wuce zamanin masu ita.